AGOGON ƘIRJINSA

Shafi na 27

Masu turo min saƙo cewa in wani abu ya sami Agogo sun daina gaisawa da ni, na ji, na kuma gani. Ni kaina sai da na ajiye waya sau biyu na share ido kafin na gama wannan shafin. Ku matso.

*

Kwana goma sha tara ke nan muna asibiti, ɗaki mai lamba shida, har na haddace duk wata tsaga da ke jikin silin ɗinsa.

Na jiƙa tawul, na matse, na ɗora a goshin mijina. Zafin jikinsa ya ratso tawul ɗin har tafin hannuna. Na sunkuya na ɗora kunne a ƙirjinsa kamar yadda na saba tun farkon aurenmu.

Tik. Tik. Tik.

Bawul ɗin ƙarfe ne da aka saka masa a zuciya tun yana ɗan shekara sha tara, bayan nasa na halitta ya lalace. In ɗaki ya yi tsit kowa na iya jin ƙararsa. Shi ya sa nake ce masa Agogo, sunan kuma ya bi shi, har Umma da ta haife shi wani lokacin bakinta kan suɓuce ta kira shi da shi.

"Ƙarfe nawa?" ya tambaya, idonsa a rufe.

"Agogon yana sauri yau."

"Laifinki ne. Wa ya ce ki matso kusa haka?"

"Allah ya shirye ka. Mutum yana kwance da ƙarin ruwa a hannu, amma bakinsa ya ƙi kwanciya."

"Ai baki ba ya zazzaɓi, Ungozoma."

Ungozoma. Tasa tsokanar ke nan. Ni ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce a wata babbar gona, rabin aikina karɓar haihuwar awaki da tumaki ne. Shi kuma mai gyaran keken ɗinki. Ranar da ya fara ganina ya ce shi bai taɓa jin akuyar da ta nemi ungozoma ba, sai a kaina. Na harare shi, ya yi dariya, daga nan ne komai ya fara.

Na yi murmushi don ya gani. Amma maganar da Likita ta yi da safe tana nan a raina.

Doguwar mace ce mai tabarau, ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta tsaya a ƙarshen gadon ta ce, "Wata ƙwayar cuta ce ta zauna a gefen bawul ɗin, tana cin naman da ke riƙe da shi. Wannan mun gani a hoto. Abin da ba mu sani ba shi ne, wace ce? Sau huɗu muna ɗibar jininsa mu ajiye mu ga abin da zai tsiro, sau huɗu kwalba tana dawowa babu komai. Maganin da muke ba shi na zato ne, kuma ga shi bai kama ta ba."

Ta gyara tabarau.

"In har Juma'a ta yi zazzaɓin bai sauka ba, dole mu sake buɗe ƙirjin. Kuma buɗewa ta biyu, a kan naman da ciwo ya riga ya ci..."

Ba ta ƙarasa ba. Ni ma ban ce ta ƙarasa ba.

Yau Talata.

Tun a rana ta uku ta taɓa tambayarmu, "Yana hulɗa da dabbobi?" Ni na karɓe amsar daga bakinsa, har da ɗaga kai. Na ce ni ce mai dabbobi, kuma na san abin da ke ƙirjin mijina. A gona nake cire kayan aiki, a can nake wanka, in ɗaure kayan a leda biyu. Nasa aikin kawai shi ne ya ɗauki ledar a ɗaure ya miƙa wa mai wanki a hanyarsa ta zuwa shago. Ko bakin gonar bai taɓa takawa ba. Ɗanyar madara ba ta shiga gidana.

Likita ta ja layi a kan wani abu a takardarta, ta ce, "To mun rage ɗaya. Irin wannan gwajin sai an aika jini nesa, ba ma aikawa sai da dalili."

Har daɗi na ji a ranar. Na ce aƙalla ba ta ɓangarena ba ne.

"Ungo, 'yar nan, sa wani abu a cikinki."

Umma ce daga kan tabarmarta, ta miƙo min lemun da ta ɓare. Ƙamshinsa na dukan hancina cikina ya juya. Na kau da kai da sauri.

"Na ƙoshi, Umma."

Ta ƙura min ido ta saman kafaɗa, irin kallon nan nata da ke ratsa mutum har ƙashi.

"Hmm. Kwana biyu dai lemu ma ya zama abokin gabarki."

"Warin asibiti ne."

"To. Allah ya sa warin asibitin ya zo da alheri."

Na sunkuyar da kai. A cikin jakata, a aljihun da ke da zif, akwai wata takarda da na ninke gida huɗu. A ƙasan benen nan na yi gwajin, ran da muka cika kwana shida. Yanzu cikina ya kai sati tara ke nan. Shekara uku muna roƙon Allah, sai ga shi ya zo lokacin da uban yake kwance ba ya iya ɗaga kofi. Na yi wa kaina alkawari, ranar da zazzaɓinsa ya sauka, ranar zan sa masa takardar a hannu. Ina son ya yi murnarsa da ƙarfinsa, ba da tsoron ko zai ga abin da za a haifa ba.

Ƙarfe huɗu aka buɗe ƙofa ga masu dubiya.

"Salamu alaikum, masu ɗaki! Ashe abin har ya kai ga kwanciya? Kai, kai, kai. Sannu, Mai Keke!"

Baba mai wanki ne. Tsoho ne gajere, kunnensa ya ɗan yi nauyi, don haka duk maganarsa kamar yana kiran wani daga tsallaken titi. Ya shigo yana rungume da ƙunshi a takarda.

Na lura Agogo ya buɗe ido tangararas. Mutumin da tun safe ko kai ba ya iya ɗagawa, sai ga shi yana neman tashi zaune.

"Baba! Ka wahalar da kanka. Da ka bari in na fito..."

"Wace wahala? Ni sai jiya mai shayin bakin layi yake gaya min." Ya juyo gare ni. "'Yata, ga rigar aikinki. Tun kafin a kwantar da shi ya kawo, bai dawo ya karɓa ba."

Na karɓa da hannu biyu. Koriyar rigata ce mai haɗe da wando, an goge ta ta yi santsi, an ninke hannuwan ciki kamar yadda Baba ya saba.

"Allah ya saka da alheri, Baba. Ni ma ina jin kunyarka wallahi. Shekara uku kana fama da kayana. Musamman lokacin haihuwar nan, na san yadda suke zuwa maka, jini da ruwan mahaifa duk sun bushe a jiki. Ka yafe min."

"Na'am?"

Na ɗaga murya. "Na ce ka yafe min wahalar wanki!"

"Wane wanki kuma? Ai ni guga ce tawa."

Agogo ya fara tari. Tarin ƙarya, na san shi sarai.

"Baba, ga lemu. Umma, a ba Baba lemu."

"Guga?" na ce.

"Guga mana. Ai ni tun haihuwar waccan shekarar na ce masa ya yi haƙuri. Masu kawo min fararen kaya suka fara ƙorafin ƙarni, matata ma ta ce ko kayan nan ko ita. Shi ke nan sai ya koma kawo min su a wanke, tas-tas, ni in goge. Kuma wallahi ya iya! Ko ni da na shekara talatin a bakin baho ban fi shi fitar da tabo ba."

Ɗakin ya yi tsit.

Tik tik tik tik.

Baba ya leƙa fuskar Agogo, ya dubi Umma cike da damuwa.

"Baiwar Allah, ciwon nan ya taɓa ido ne? Tun ɗazu yake ta ƙifta min ɗaya."

Umma ta miƙe ta naɗe tabarmarta. Mace ce da ba a yi mata bayani sau biyu.

"Taso, Malam, in raka ka bakin ƙofa. Yaran nan suna da magana."

"Yanzu na zo fa!"

"Ai ka kai ladanka gida. Taso."

Ta ja ƙofar a hankali.

Na juyo gare shi, riga a hannuna. Agogo yana kallon silin, kamar shi ma yau ya fara haddar tsagoginsa.

"Kalle ni."

Bai kalle ni ba.

"Agogo."

"Na'am, ranki ya daɗe."

"Kar ka yi min wasa. Wa yake wanke min kayan aiki?"

"...Wani bawan Allah."

"Wane ne?"

"Mutumin kirki ne. Yana da ɗan ciwon zuciya, amma hannunsa na da kyau."

Na kamo hannunsa na dama, wanda babu allura, na juya shi. Fatar bayan yatsunsa duk ta tsattsage, ga tabon tsofaffin tsagu. Sau nawa na shafa masa mai a wannan hannun? Sau nawa na yi masa faɗa, saboda maganin tsinka jinin da yake sha yana sa ƙaramin rauni ya daɗe yana zuba?

"Ka ce min kananzir ne. Ka ce na wanke ƙarafan keke ne."

"Akwai kananzir a ciki. Kaɗan."

"Shekara ɗaya da rabi?"

"Da wata biyu."

Na zauna a bakin gadon.

"Me ya sa?"

Ya yi ajiyar zuciya. A karon farko ya sauke idonsa a kaina, sun yi ja saboda zazzaɓi.

"Ranar da Baba ya mayar min da ledar, na kai wa masu wanki biyu. Ɗaya yana kwancewa ya ɗaure ya miƙo min. Ɗayan ko karɓa bai yi ba. Na tsaya a bakin titi da leda a hannu ina tunani. In na dawo da ita gida, na san ki. Za ki ce ke za ki wanke. Ke da in sabulun gari ya taɓa ki hannunki yake kumbura ya yi ƙuraje, sati guda ba ki iya sa safar hannu. Da wane hannun za ki jawo ɗan akuya?"

"Sai ka gaya min mu nemi mafita tare!"

"Na ce sau ɗaya zan yi, kafin in samu wani mai wankin."

"Sau ɗaya ya zama shekara da rabi?"

Ya sosa ƙeya, har da ɗan murmushin kunya.

"Aljihunanki ne suka riƙe ni."

"Aljihuna?"

"Ke ba kya zazzage aljihu. Kullum sai na tsinci 'yan takardun nan da kike rubutu a kai. ‘Baƙa mai farin goshi, tagwaye, ƙarfe goma.’ ‘Gurguwa ta ƙi shayarwa, a gwada kwalba.’ Wata rana na ga kin rubuta, ‘Ya mutu a hannuna,’ kin ja layi biyu a ƙasa. Ranar kin dawo gida kin ce min aiki lafiya lau."

Na tuna ranar. Na tuna na shigo na tarar ya share gida, ya dafa min shayi, ya zauna yana ba ni labarin wata tela da ta kawo keke wai aljani ya shiga ciki, ashe ɗan kunnenta ne ya faɗa. Na yi dariya har na manta da kukan da na yi a mota. Na ɗauka dacewa ce kawai.

"Kin ga, ke kin hana ni zuwa gonarki," ya ce. "Rabin rayuwarki tana can, ni ban taɓa gani ba. To ta aljihu nake leƙawa. Suna nan a shago, cikin gwangwanin da nake zuba allurai. Ɗari biyu da wani abu. Gurguwa ma na san ta haihu bana, namiji."

Hawaye suka ɓalle min. Na so in rungume shi, na so in shaƙe shi, duk a lokaci guda.

"Kai mahaukaci ne."

"An sha faɗa."

"Likita ta tambaye ka! A gabana ta tambaye ka!"

"Ta ce dabba. Ni riga na taɓa, ban taɓa dabba ba. Wallahi a ranar ban kawo komai a raina ba."

"A ranar. Daga baya fa?"

Ya mayar da idonsa kan silin.

"Daga baya fa, Agogo?"

"Wajen kwana na goma... na fara tunani."

"Kwana tara kana tunani! Kana ji ana cewa za a tsaga ƙirjinka, kana kwance kana tunani!"

"Kin tuna abin da kika ce min kafin aure?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Kika ce duk ranar da aikinki ya taɓa lafiyata, ranar za ki ajiye shi. Kuma ke in kin faɗi abu kin faɗa. Na ga yadda kike dawowa in haihuwa ta yi kyau, kina tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta taɓa ki ba. In na buɗe baki, za ki ajiye aikin, sannan ki ɗora laifin a kanki ki yi ta ɗauka har tsufa. Na ce bari in jira, ko maganin nan zai kama, kowa ya huta."

"Ka zaɓa min awaki a kan kanka?"

"Ba haka..."

"Ka zauna kai kaɗai ka yanke cewa na fi son in zama ungozomar awaki da in zama matarka? Wa ya ba ka wannan izinin? In suka buɗe ka ranar Juma'a ba ka tashi ba, Gurguwa ce za ta riƙa tambayata ƙarfe nawa?"

Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne.

"Ban yi tunanin wannan ba," ya ce.

"Ai ba ka tunani. Gyara kawai ka iya."

Na goge masa kunnen da bakin mayafina. Na sumbaci tsagaggun yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, sannan na miƙe.

"Ina za ki?"

"In gyara abin da na ɓata da bakina."

Ban san da gudu nake ba sai da wata nas ta ce, "Baiwar Allah, a hankali, an goge ƙasa!" Na sami Likita a ofishinta ta rataya jaka za ta fita. Ban ko yi sallama ba.

"Likita, amsar da na ba ki ba daidai ba ce. Ya taɓa. Shekara ɗaya da wata takwas yana taɓawa."

Ta dube ni daƙiƙa biyu. Ta sauke jakar.

Da muka dawo Umma tana tsaye a bakin ƙofa, ta matsa mana. Likita ta ja kujera ta zauna dab da gadon, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Malam, ba faɗa zan yi maka ba, na ga alama an riga ni. Gaya min yadda kake wankin. Daga farko, kar ka tsallake komai."

Agogo ya saci kallona.

"A bayan shagona akwai ɗan ɗaki da nake ajiye kekunan da suka mutu. Nan nake shiga."

"Akwai taga?"

"Akwai, amma a rufe take. Ƙofar ma rufewa nake."

"Saboda me?"

"Maƙwabcina mai walda ne, Likita. In ya gan ni da rigar mace a baho, har jikokina sai sun ji labari."

Likita ta danne dariya. "Sai ka jiƙa kayan?"

"A'a! Ai nan mutane suke kuskure." Har ya ɗan ɗago, muryar sana'a ta dawo masa. "Ko keke aka kawo, ba a fara sa masa mai sai an kakkaɓe busasshen datti, in ba haka ba ya caɓe ya zama laka. To haka rigar. Sai in shanya ta a kan tebur ta bushe ƙayau, in sa burushin ƙarfe mai laushi in kankare duk abin da ya manne, in kakkaɓe ta sosai, sannan ruwa."

"Ƙura tana tashi?"

"Sosai. Har atishawa nake."

Likita ta cire tabarau ta rufe ido da tafin hannu. Ni kuwa na riga na gane. Na karanta shi a makaranta. Na ma rubuta shi a jarrabawa.

"Zazzaɓin Q," na faɗa a hankali.

"Shi nake zargi," in ji Likita. Ta juya ga Umma, don ta ga tsohuwar ta kasa kunne. "Mama, wata ƙwaya ce da ke zama a mahaifar awaki da tumaki. Dabbar ma sau da yawa lafiyarta lau. In ta haihu, ƙwayar ta fito da ruwan haihuwa, ta bushe a ƙasa ko a jikin tufa, ba ta mutuwa. In ta zama ƙura aka shaƙa, ta shiga. Ba ta tsirowa a kwalbar da muke gwaji da ita, shi ya sa muka yi ta nema ba mu gani ba. Kuma babu inda take so kamar bawul irin nasa."

Umma ta tafa hannu. "Babana! Wanki? Kai da ko hularka sai na bi ka da faɗa kake wankewa?"

"Umma, aure ne ya gyara ni."

"Ya gyara ka har gadon asibiti!"

"To yanzu fa, Likita?" na katse su. "Juma'ar fa?"

"Yanzu zan sa a ɗebi jini, gobe da sassafe ya tafi. Sakamako zai ɗauki kwanaki, amma ba zan jira shi ba. Yau zan fara ba shi maganin da ke kama wannan ƙwayar. Ƙwayoyin magani ne iri biyu, kuma in ta tabbata ita ce, zai sha su shekara biyu, ba fashi."

"Shekara biyu?" in ji Agogo.

"Ka yi shekara da wata takwas kana wanki ba fashi, wannan ba zai gagare ka ba." Ta mayar da tabarau. "Ban yi muku alkawarin an fasa aiki ba. Ya danganta da yadda naman gefen bawul ɗin ya riƙe. Amma da safe ina faɗa da abin da ban san sunansa ba. Yanzu ina da wanda nake zargi. In zazzaɓin ya fara sauka, za mu sake zama a kan maganar Juma'a."

Umma ta ɗaga hannu sama, bakinta yana motsi. Ni kuwa na kifa kaina a gefen katifa na saki kukan da na riƙe kwana goma sha tara. Na ji tsagaggun yatsunsa a kaina.

"Ungozoma."

"Mene ne?"

"Sharaɗi ɗaya. Ba za ki ajiye aiki ba."

"Kana kwance kana kafa sharaɗi?"

"Likita, ki shaida. In ta ajiye, ba na shan magani."

"In ka ƙi sha ni zan ɗura maka, kamar yadda nake yi wa Gurguwa."

"Kin ji ko, Likita? Haka nake rayuwa."

Likita ta miƙe tana dariya. "Ba sai an ajiye aiki ba. Gonar ce za ta nemi injin wanki mai tafasa ruwa, kaya su daina fita daga can. Zan rubuta musu takarda, don sauran ma'aikatan ma a duba su. Kai kuma kai da burushi kun rabu."

Ta kai bakin ƙofa, ta kama mariƙi. Sai ta tsaya, kamar wadda ta tuna wani abu. Ta juyo, dariyar ta bar fuskarta.

"Ke ma za a ɗebi naki jinin. Ke ce a cikinsu kullum."

"Ni lafiyata ƙalau, Likita."

"Na sani. Yawancin masu ƙarfi haka take shigarsu ta fita ba su ma sani ba. Mutum biyu ne take yi wa mugun kamu. Mai bawul irin nasa..."

Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"...da mace mai ciki. Don mahaifa take nema, ko ta dabba ko ta mutum. Ba ki da ciki dai, ko?"

Agogo ya yi 'yar dariya mai ciwo.

"Ina fa, Likita. Shekara uku muna roƙo. Da akwai ai da ni zan fara..."

Maganar ta tsaya a bakinsa.

Ban san lokacin da hannuna ya kai kan jakata ba. Ban san lokacin da na damƙe aljihun nan mai zif ba. Umma ta saki lemun da ke hannunta, ya gangara ƙarƙashin gado.

Babu wanda ya yi motsi. Abu ɗaya kawai ake ji a ɗakin, yana ƙara sauri, yana ƙara sauri.

Tik tik tik tik tik.

"Ungozoma," ya ce a hankali. "Me ya sa ba ki amsa ba?"